Itace Ya Dawo Gonakinmu, Amma Gona Tana Ƙare wa Mata

Ni mutuniyar ƙauye ce daga gundumar Agie, cikin jihar Maraɗi ta Nijar. A nan aka yanke cibiyata, a nan aka kai ni ɗakin miji, a nan na rufe iyayena da maigidana, Allah Ya jiƙansu. Ban shiga lakwal da ƙuruciya ba. Sai da na haifi 'ya'ya na zauna ajin yaƙi da jahilci, na koyi haɗa baƙi da lissafi don in riƙa rubuta kuɗin asusunmu na mata da hannuna. Da wannan ɗan karatun nake rubuta labarin nan. Baƙi kan zo yankinmu su ga itatuwa cikin gonaki, su yi ta mamaki, su ɗauki hoto su tafi, a je a ce karkarar Maraɗi ta warke. Itatuwan gaskiya ne, ni ma da hannuna a cikinsu. Amma akwai sauran magana, kuma mu mata muka fi saninta.

An haife ni gab da farin 1973, wanda ya ci dabbobi, ya ci rumbuna, har ya tafi da gwamnatin Diori Hamani a 1974. Ko da na yi wayo, in ka tsaya bayan gari kana iya hango garin da ke gaba da mu, babu abin da zai tare maka ido sai gawo ɗaya can, kuka ɗaya can. A lokacin manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta yi fes. Da bazara ta kama maza za su fita sassabe, a sare duk wani toho na sabara da kalgo da geza, a tara a cinna wuta. Wanda ya bar daji a gonarsa rago ne, har zambo ake yi masa a dandali. Tun zamanin gyaɗa aka saba da haka, lokacin da ake son fili shimfiɗaɗɗe wanda garmar shanu za ta bi ba ta ci karo da komai ba.

Akwai kuma dalilin da Baba ba ya faɗa sai a cikin gida. Dokar daji, wadda aka gada daga Turawan Faransa aka sabunta a 1974, ta sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin tsaron gwamnati. Ko a tsakiyar gonarka gawo ya tsaya, in ka sari reshe ba da takarda ba, tara ce. Sai mutane suka ga itace a gona jawo wa kai magana ne. Baba in ya ga ɗan gawo ya tsiro, tun yana kamar tsintsiya zai sa hauya ya tumɓuke shi. Ba ƙin gawo yake yi ba, shi ne ma ya fara ba ni labarin da ake bayarwa na Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Cewa yake yi, “Wa zai yi renon ɗan da ba za a bar shi ya aike shi ba?”

Mu 'yan mata muka biya kuɗin wannan tsabtar gona. Da an sallame asuba Inna za ta tashe mu, mu ɗauki gatari da igiya da gammo, mu nausa. Rana ta take tsaka kafin mu dawo, kuma abin da ke kanmu ba itacen kirki ba ne, 'yan ƙirare ne da saiwoyin da muka tono. In ba a samu ba sai a koma wa karan hatsi da busasshen kashin shanu. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo da kashin shanu ta san hayaƙinsa, yana shiga ido, yana kama zane, yana kama tuwon kansa. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, karan nan da kashin nan su ne abincin gona. Muna kwashe su muna kai wa murhu, gona tana kwana tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa. In an yi shuka, hatsi ya fito kamar allura, sai iskar farkon damina ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. A sake shuka, ta sake yankewa. Wata shekara sai iri ya ƙare a gida kafin shuka ta kama.

Sai 1984 ta zo. Mu nan El Buhari muke kiran yunwar, domin ta haɗu da rufe iyakar Najeriya a zamanin Janar Muhammadu Buhari, ga shi kuwa Najeriya ce mafakarmu in damina ta ƙi. Ina budurwa a lokacin. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. Mun ci jiga, mun ci tafasa, mun ci dusa. Maza suka watse, wasu ta ɓarauniyar hanya zuwa Katsina da Kano, wasu Maraɗi, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai gidajen da aka ja ƙaya aka rufe ƙofarsu, har yau kangonsu yana nan.

A cikin wannan baƙar shekarar ne wani abu ya fara a ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi, mu bai iso mu ba sai bayan wasu shekaru. Wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa tohon da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da aka sare tuntuni, kututturensu da saiwarsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Da yunwa ta zo, aka riƙa ba mutane abinci a kan sharaɗin su bar wasu tohon a gonakinsu. Da abincin ya ƙare, mafi yawa suka koma suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga abin da suka gani, kuma daga bakinsu maganar ta bazu, kasuwa zuwa kasuwa. Mu kawuna ne ya kawo mana ita, bayan ya je biki wajen dangin matarsa. Daga baya malaman gona na wani shiri suka zo suka ƙara mana bayani. Sassabin zamani ake ce masa.

Ina amarya maigidana ya fara gwadawa, a gefen gonar da ya fi lalacewa. Na bi shi na ga yadda ake yi, daga baya ni ma na iya. Ka sami kututturen sabara da ya fitar da toho kamar ashirin, duk sun cunkushe. Ka durƙusa ka duba, ka zaɓi uku ko huɗu ko biyar waɗanda suka fi kauri da miƙewa, sauran ka cire. Waɗanda ka bari ka sassabe musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayi. Wuƙar ko gatarin ya zama mai kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara, don kada ɓawon ya yage ya bi jikin itacen. Ganyen da aka sare a bar shi nan ya rufe ƙasa, gara ta ci ta mayar da shi taki. Maigidana yakan yagi tsumma ya ɗaura a jikin wanda ya bari, alamar yana da mai shi. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta nutse inda laima take, ba ruwanka da ban ruwa, ba ruwanka da shinge. Kafin shekara biyu ta cika ya wuce tsayin mutum. Kowace shekara ka sari ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar wani sabon toho ya maye gurbinsa.

Tun 1975 ake dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta a ƙasarmu, ranar da muka sami 'yancin kai. Ban raina wannan ba, dogon yaron da muke zama a inuwarsa a bakin kasuwa ta haka ya samu. Amma waɗanda aka kai daji aka dasa, aka yi tafi aka watse, awaki ne suka yi bikinsu, domin babu wanda zai ce nasa ne.

An yi wa maigidana dariya. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Yaro, noma za ka yi ko kiwon daji? Tsuntsaye za ka tara mana su cinye hatsi.” Dariyar ba ta dame shi ba kamar sata. Kana barci a bi dare a sare maka sandunan da ka yi shekara biyu kana reno. Na ga ranar da ya dawo daga gona da tsumman nan a hannunsa, ya zauna bai ce uffan ba, ko furar da na dama bai taɓa ba. Wanda ya sare kuwa ba ya ganin ya yi laifi, tunda an saba itacen daji na kowa ne.

Abin bai zauna ba sai da gari ya sa baki. Muka ji yadda mutanen Ɗan Saga, nan cikin ƙasar Agie, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanka tara ga mai sare itacen wani. Mai garinmu ya tara mutane aka yi irin haka. Sa Fulani a ciki shi ne ya fi wuya, kuma shi ne ya fi amfani. Duk wanda ya kai shekaruna a jihar Maraɗi yana tuna Toda, can wajen Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Mun ji tsoron irin wannan ƙwarai. Da aka zauna, sai ga shi kowa yana da abin da yake so wurin ɗan'uwansa. Bafulatani yana son ganyen gawo da 'ya'yansa da rani, yana son a buɗe masa burtali. Manomi yana son shanu su kwana a gonarsa su bar masa taki, ba ya son a yi wa gawonsa aski har ƙoƙo. Aka yarda a kan yadda za a sassabi reshe, da lokacin da za a saki gonaki bayan an kwashe amfani. Ba a daina saɓani ba, amma yanzu akwai tabarmar da ake zama a kai.

A waɗannan shekarun ne kuma hannun masu tsaron daji ya yi sauƙi a kan itacen gona, mutane suka fara sakin jiki. Doka ta biyo baya a hankali: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙa'ida ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya rena. Ni a ganina nan ne asirin yake. Ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, gaskiya ne. Amma ruwa ba ya hana gatari. Ranar da mutum ya tabbata itacen nan nasa ne, shi zai sara, shi zai sayar, ɗansa zai gada, ranar ya fara tsaron sa.

Gawo shi ne sarki a cikinsu. Da damina, lokacin da hatsi ke son rana, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya fayau. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su yi kashi. Je ka duba hatsin da ke gindin gawo ka gwada shi da na fili, zangarniyar ma ba ɗaya ba ce. 'Ya'yansa muke tsincewa mu tara a buhu, da su nake turkar rago in sayar gab da Babbar Salla. Kalgo ya ba mu igiya da abincin awaki, magarya ta ba yara abin kai wa kasuwa, aduwa ta ba mu 'ya'ya da mai, sabara ta ba mu itacen girki da maganin da mai jego ke sha. Tafiyar neman itace da ta cinye mana ƙuruciya ta zama aikin ɗan lokaci a gonar gida. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, sun gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ce abin ya kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Shi Tony Rinaudo an ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Na yi murna da na ji. Na kuma tuna maigidana da tsummansa, da dubban irinsa waɗanda babu mai sanin sunansu.

Shekarar 2005 ce ta gwada mu. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, kuɗin hatsi ya ninka a kasuwa. Yara masu tamowa suka cika wuraren jinya a Maraɗi. Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba, an rage tukunya, an sayar da awaki da arha. Amma a gidanmu ba wanda ya yi gudun yunwa. Maigida ya sari sanduna ya ɗora a amalanke ya kai kasuwa, ya dawo da tiyoyin hatsi da garin rogo. A 1984 ba mu da abin sarewa.

Abu na biyu da ya riƙe mu a shekarar shi ne asusu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, kuma na ji yanzu ana yin irinsa a ƙasashe da yawa. Ba a ba mu ko dala ba. An koya mana tsari ne kawai. Mu taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, ko dala biyar ko goma, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu. Mai bukata ta ranta, ta biya da ɗan abin da muka amince a kai, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Da rancen farko na sayi gyaɗa na fara ƙuli-ƙuli da mai. Shirye-shirye nawa ne suka zo garinmu da mota da allo, suka gina abu, suka tafi, abin ya mutu? Injin niƙan da aka kawo mana kyauta yana nan ya yi tsatsa, don da ya lalace kowa jira yake a zo a gyara. Akwatin kuwa har yau ana buɗe shi kowace Laraba, domin kowace ta san guminta ne a ciki.

To, ga inda zancen yake juyawa.

A ƙidayar 1977 mutanen Nijar duka miliyan 5 ne da 'yan kai. A ta 2012 sun haura miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da kusan miliyan 3 da rabi. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Kakana yana noma gona ya bar ta ta huta shekaru, ya koma wata. Baba bai sami wannan ba. Yayyena da suka raba gandun Baba, kowa ya sami abin da ba zai ciyar da gidansa wata shida ba. Babu sauran saura, babu sauran dajin da za a sara, gonar garinmu ta haɗe da ta garin gaba.

In gona ta yi kaɗan, mace ake fara cirewa. A al'adarmu in an kawo amarya, miji yakan yankar mata gamana, 'yar gonar da za ta noma wa kanta bayan aikin gandu. Daga gamana mace ke samun kuɓewa da yakuwa da wake da riɗi, daga nan take yin kayan ɗakin 'yarta, daga nan take fitar da hatsi in rumbun maigida ya ƙare tsakiyar damina. Inna tana da gamana babba. Tawa ba ta kai rabin tata ba. 'Ya'yana mata biyu da aka yi wa aure, ko taki ɗaya ba a ba su ba. Wani wurin sai a lulluɓe abin da rigar addini, a ce an hutar da mace, an sa ta kulle. Ni ba ni da faɗa da kulle in miji zai iya ɗaukar nauyin gida kamar yadda shari'a ta ɗora masa. Amma na ga kullen da ba na tsoron Allah ba ne, na rashin gona ne: an hana ta noma, ba a hana ta zuwa rijiya da daka da tallan fura ba, shi kuma da an yi girbi ya ɗauki jaka ya tafi cin rani, ya bar ta da yara da rumbun da ya kulle.

Macen da ba ta da gona ba ta da itace. Wannan ne baƙin da ke ɗaukar hoto ba sa gani. Da can itacen daji na kowa ne, ko da nisa za ki je ki samo. Yanzu kowane itace da mai shi. Matar da mijinta ba shi da fili, ko bazawara, ko wadda aka mutu aka bari, sai ta saya, ko ta roƙa, ko ta bi dare. Ina cikin kwamiti aka kawo mana wata da aka kama da ɗaurin sabara. Da na dube ta, yarinya ce sa'ar 'yata, goye da jariri. Aka ce a yanka mata tara. Na ce, “Ranka ya daɗe, a tambaye ta tukuna inda za ta samo na girkin gobe.” Aka yi shiru. A ranar aka amince cewa mai gona in ya yi sassabe, ƙananan rassan da ya zubar kada ya hana mata marasa fili tsinta. Ba magani ba ne, sauƙi ne kawai.

Lokacin da labari ya zo a watan Oktoba na 2013 cewa an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, kusan dukansu mata da yara daga wajen Kance, na ji mutane suna cewa kwaɗayi ne ya kai su. Raina ya ɓaci. Kance ƙasar gawo ce, ta fi mu itatuwa. Mace ba ta ɗaukar 'ya'yanta ta shiga Sahara don kwaɗayi. Tana tafiya ne in ta duba gabas da yamma ba ta ga abin da za ta ce nata ba ne.

Samari ma haka. Babban ɗana ya tafi Libiya, ya dawo a 2011 da yaƙi ya tashi, daga shi sai kayan jikinsa. Na biyun yana Kano yana turin ruwa, na ukun yana zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar 2019 da 2023, sai cinikinsa ya tsaya cak, mu ma a gida mu ji a jikinmu. Yamma da mu, wajen Gidan Rumji da Madarunfa, ga 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, ga 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallako gudun hijira tun 2019. Saurayin da ba shi da gona, ba shi da sana'ar rani, ba shi da abin aure, ina tsoron wanda zai riga mu kiran sa.

Ga kuma masu kuɗin birni. Mutum ya shiga matsi, rashin lafiya ko biki, ya ba da gonarsa jingina, daga jingina sai sayarwa. Wanda ya saya sau da yawa aya yake so ya noma, don tana da kuɗi. Haƙar aya kuwa sai an ƙone ciyawar, an tone ƙasa an tankaɗe ta, a bar wa iska gari. Mai irin wannan gona ba ya kwana a garin, ba matarsa ce za ta nemi itace ba, babu abin da ya haɗa shi da ɗan tohon sabara. Shi kuma wanda aka ba aro ko haya ba zai reni itace ba, don mai gona zai ce yana neman kafa hujjar mallaka ne.

Da Baba ya rasu ban nemi gadona ba, kamar yadda yawancin mata ba sa nema. Ana ganin abin kunya ne ki tsaya gaban yayyenki kina maganar ƙasa, kuma gidansu ne wurin komawarki in aure ya ƙi. Sai da maigidana ya rasu, aka fitar mini da tumunin takaba, na ga abin da ya rage wa marayu, sannan na shirya na tafi wurin babban wanmu. Na gaishe shi, na ce, “Yaya, na zo ne a kan rabona na gonar Baba.” Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, “Ke da bakinki? Me muka rage ki da shi?” Na ce, “Ba ku rage ni da komai ba, Yaya. Amma Allah ne Ya yanka mini, rabin na namiji, yana nan cikin Suratun Nisa'i. Ina da marayu.” Mun yi kusan shekara ba ma gaisawa yadda muka saba, matansa suka daina zuwa sunan gidana. Liman ne ya shiga tsakani, Allah Ya saka masa da alheri, ya faɗa musu gaskiya ba tare da ya kunyata kowa ba. Aka auna da igiya aka fitar mini. Na je wurin kwamitin filaye na gari, wanda dokar karkara ta tanada, aka rubuta takarda, mai gari da shaidu suka sa hannu. Yau ni da Yaya lafiya lau, shi ne ma waliyyin autata.

Filin da aka ba ni shi ne mafi muni, tudu ne mai jigawa wanda ko ƙaya ba ta so. Na bi shi kututture bayan kututture. Inda babu kututture na zuba takin awakin da suka ci 'ya'yan gawo, don irin da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira. Yanzu akwai gawo da kalgo da magarya a ciki, ina samun hatsi da wake, ina samun harawa. Babban ɗana da ya dawo daga Libiya ya haƙa 'yar rijiya a gefen kwari da rancen da na ɗaukar masa a asusu, yana zogale da tumatir da rani. Tun da ya fara cin kuɗin zogale bai sake maganar Agadas, hanyar Libiya, ba.

Ina roƙon malamanmu, waɗanda ake saurara a masallatan Juma'a da gidajen rediyo, su riƙa faɗin gadon 'ya mace a gona da ƙarfin da suke faɗin sauran hukunce-hukunce. Masu kawo shirye-shirye kuma, kafin ku ƙirga itatuwa, ku tambayi mata nawa ne a garin ke da filin da za su bar itace a ciki, samari nawa ne ke da aikin yi daga watan da aka gama girbi zuwa faɗuwar ruwa.

Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Bara na kira 'ya'yana maza na gaya musu zan ba 'yan'uwansu mata wani yanki na filin nan kyauta tun ina da rai, suka amince, aka rubuta a takarda da shaidu. A asusunmu kuma mun ware wani kaso muna tarawa don mu karɓi jinginar gona da sunan ƙungiya, mu yanka wa matan da ba su da gamana, maimakon ta tafi hannun mutanen birni. Akwai mata uku a cikinmu da iyayensu suka rasu ba a fitar musu da komai ba. Biyu sun ce in an gama girbin bana in raka su wurin liman, ta ukun tana shawara da mijinta tukuna.